Dutsen Maimuna: Abin da Na Gano a Tsibirin Malta

  Ina gaida na birni, ina gaida na karkara, musamman mutanen Darini, garin kakata, da sauran 'yan'uwa na ƙasar Batsari da Safana. 

Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai kin ɗauko mayafi ba, ba kuma sai kin jira maigida ya dawo kin nemi izini ba. Ki dai jawo rediyonki kusa, ki ci gaba da tsintar shinkafarki. Za mu ƙetare Sahara, mu shiga tekun Bahar Rum, mu sauka a wani ɗan tsibiri da ake kira Malta. Allah ya nufe ni da zuwa can, na yi kwana 8 a wani taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan rediyo. Tun da na dawo akwai abin da ke cina a rai, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Tsibiri dai ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina, kamar yadda kike ganin tudun yashi a tsakiyar gulbi. Malta tana arewa da Libiya, tana kudu da Italiya. Tsibirai uku ne ake zaune a kansu, babban shi ne Malta, sai ƙanensa Gozo, sai wani ɗan mitsitsi. Duk a haɗe faɗinsu murabba'in kilomita 316 ne, wato ko ƙaramar hukumar Batsari ba su kai ba, amma mutanen da ke ciki sun haura dubu 500. Ba su da kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. Tun zamanin da ruwan sama suke tarawa a rijiyoyin da suka fafe cikin dutse, yanzu kuma suna tace ruwan teku su cire gishirin su sha. Su ma Ingilishi ne ya mulke su, sun sami 'yancin kai a 1964, shekara 4 bayan namu.

Bahaushen da ya riga ni zuwa

Kada ki ɗauka ni ce Bahaushiyar farko da ta san hanyar nan. Shekara 170 da suka wuce wani yaro Bahaushe ya bi ta Malta, sunansa Dorugu. An haife shi a Dambanas, a ƙasar Damagaram ta Nijar ta yau. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka kai shi Kukawa ta Barno a matsayin bawa. A can wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim.

Ku saurara da kyau a nan, mutanen Safana. A watan Maris na 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, ayarin Abdulkarim ya tashi daga Katsina zuwa ƙasar Sakkwato, Dorugu yana ciki. Saboda tsoron mayaƙan Gobir ba su miƙe hanya ba, sai suka yi kudu, suka bi ta Kuraye, suka bi ta Kurfi, suka sauka Zakka, sannan suka ratsa daji zuwa Zurmi. Zakkar nan dai da kuka sani. A littafin tafiyarsa Abdulkarim ya yi bayanin irin ganuwa da gwalalon da mutanen wannan yanki suka kewaye garuruwansu da su, ya kuma ambaci garuruwan da yaƙi ya tasa suka zama kufai. Ki riƙe wannan magana ta kufai, za mu dawo kanta.

Bayan sun kai har Tambutu sun dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Turabulus a 1855. Daga nan suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta, daga Malta zuwa Faransa, har London. A Ingila wani mai nazarin harsuna, Schon, ya zauna da Dorugu yana rubuta labarin rayuwarsa da Hausa daga bakinsa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Da jirginmu ya fara sauka na hango ruwa ta taga, shi na tuna. Ni da na san inda za ni ma gabana ya faɗi, ina ga yaron da bai wuce shekara 16 ba?

Harshen da ya yi mini kama da na gida

Abin da ya fara ba ni mamaki harshensu ne. Mutanen Malta Kiristoci ne, kusan kowace unguwa da cocinta. Amma ranar farko na shiga kasuwa, na ji wata tsohuwa tana faɗa wa mai saye kuɗin kayanta, ta ce "hamsin". Na waiga, na ce ko kunnena ne? Ashe hamsin ɗinmu ce. Sittin ma sittin suke cewa. Ranar Alhamis suna ce mata Hamis, Juma'a Jim'a, Asabar Sibt, Lahadi Hadd. Duniya su ce dinya. Ubangiji kuwa, a coci ma, Alla suke kiransa. Azumin da suke yi kafin bikin Ista sunansa Randan, kin ji inda kalmar ta samo asali.

Dalili shi ne, a shekarar 870 Musulmi daga Tunisiya suka ci tsibirin. A 1091 Turawan Norman suka karɓe mulki, amma Musulmi suka ci gaba da zama har cikin ƙarni na 13, lokacin da aka kori waɗanda suka ƙi barin addininsu. Addinin ya tafi, harshen ya zauna a bakin iyaye mata, suna yi wa 'ya'yansu rarrashi da shi, har ya zama harshen Malta na yau. Tsohon birninsu har gobe sunansa Imdina, wato Madina, unguwar da ke wajen ganuwarsa kuma Rabat. Kin ga ke nan mu da su wuri ɗaya muka ɗebo, mu ta hannun malamai da fataken da suka ratso Sahara, su ta teku.

Ginin Samudawa

A kwana na uku aka ɗauke mu zuwa Gozo. Jirgin fito ne ake shiga, har da motoci a cikinsa, tafiyar kamar minti 25. A kan wani tudu muka tarar da ɗaya daga cikin abubuwan da ke jan baƙi zuwa ƙasar, wani kango da ake kira Jigantiya. Sunan daga kalmarsu ta ƙato ya fito. Da a ƙasar Hausa yake, da ginin Samudawa za mu ce masa.

Uwargida, ki kwatanta dutse mai tsawon mita 5, wato ya fi tsayin mutum uku in aka ɗora su kan juna, nauyinsa ya haura tan 50. Irinsu aka jera, aka ɗora wasu a kan wasu, ba laka ba siminti. Ciki kuma ɗakuna ne masu zagaye, suna fuskantar juna, kamar yadda ake jera ɗakunan kishiyoyi a tsakar gida. Masana sun ce an fara ginin wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wato shekara 5,600 ke nan. Ya girmi dalolin Masar da kusan shekara 1,000. Waɗanda suka gina shi ba su san ƙarfe ba. Da dutse suka sassaƙa dutse. Manoma ne masu shuka alkama da sha'ir, suna kiwon tumaki da awaki da shanu.

Na san wata za ta ce, to mene ne na zuwa kallon wurin bautar mutanen jahiliyya? Tambaya ce mai kyau. Ba bauta ta kai mu ba, izina ce. Malamanmu sun sha karanta mana umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wallahi na gani. Mutanen da suka iya ɗaga tan 50, yau ƙadangaru ne ke shan hantsi a kan aikinsu.

Mutanen Gozo suna da tatsuniya a kan ginin. Wai wata ƙatuwar mace ce ta gina shi ita kaɗai, abincinta wake da zuma, tana ɗauko duwatsun da jaririnta a kafaɗa. Da mai yi mana bayani ta faɗi haka na yi dariya, na ce mata ai wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu, duk wadda ta ga matar ƙauye da goyo a baya, da tulu a ka, da itace a hannu, ta san mace za ta iya.

Amma da na tambaye ta sunan mutanen, sai ta girgiza kai. Ba wanda ya san sunan ƙabilarsu. Ba a san harshen da suke yi ba, ba a san sunan sarkinsu ko na magininsu ba, ba a san abin da suke kiran wurin ba. Jigantiya ma waɗanda suka zo daga baya ne suka laƙaba masa. Sun yi fiye da shekara 1,000 suna irin waɗannan gine-gine, wajen shekara 2500 kafin Annabi Isa sai abin ya tsaya. Ba su bar rubutu ko harafi ɗaya ba.

A babban tsibirin akwai wani wuri da ya fi wannan sanyaya jiki. A 1902 magina suna haƙa rijiyar tara ruwa a wata sabuwar unguwa ta garin Pawla, sai ƙasa ta burma da su cikin wasu ɗakuna. Hawa uku ne a ƙarƙashin ƙasa, an fafe su cikin dutse, an yi wa rufin wasu ado da jan garura. Makabarta ce. An ƙiyasta ƙasusuwan da aka samu a ciki sun kai na mutum 7,000. Yanzu mutum 10 kawai ake bari su shiga a lokaci guda, don kada numfashin jama'a ya ɓata zanen. A nan aka tsinci wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu, bai fi tafin hannu ba, siffar mace mai jiki, ta kwanta a gefenta na dama bisa ɗan gado, ta yi matashi da hannu, da zaninta mai tattara a ƙasa. Na gan ta a gidan adana kayan tarihi na Baleta, babban birninsu. Kamar uwargidan da ta gama aikin rana ta ɗan kishingiɗa kafin la'asar. Wace ce ita? 'Yar wa? Matar wa? Mutum 7,000, ba sunan ko ɗaya.

Matan Malta na da

Kafin in kai ki ga dutsen da ya sa na shirya wannan jawabi, bari in ɗan gaya miki yadda matansu suke, don na san za ki so ji. A tsofaffin hotuna na ga matan Malta cikin wani baƙin lulluɓi da suke kira onnella. Yana rufe kai da jiki, an sa masa abu mai tauri ta sama ya yi kamar rumfa, mace ta riƙe gefensa da hannu, in ta so ta kare fuskarta. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya fara ɓacewa. A jikin wasu tsofaffin gidaje kuma akwai wani ɗan akwatin katako mai huji-huji da aka maƙala a taga, suna ce masa mushrabiya. Matar gida tana leƙa titi ta ciki, ta ga wanda ke sallama, shi bai gan ta ba. Na ce ashe su ma sun san asirin zaure.

A Gozo har yanzu za ki ga tsofaffi a bakin ƙofa suna saƙar leshi da hannu, zare yana wasa tsakanin 'yan sanduna, kamar yadda iyayenmu ke zama da ɗinkin hula. Suna yin wani ɗan cuku da nonon tumaki su shanya shi, kamar wanda Buzaye ke kawo mana. A bakin teku sun fafe ramuka a dutse, ruwa ya shiga, rana ta busar da shi, su share gishiri da tsintsiya. Sana'o'in mata ne da na iyali, uwa ta koya wa 'ya.

Maimuna 'yar Hassan

A tsakiyar Gozo akwai tsohon birni mai ganuwa a kan tudu, a cikinsa akwai ɗan gidan adana kayan tarihi. Ina zagayawa na gaji, sai idona ya faɗa kan wani farin dutse da rubutun Larabci, irin tsohon rubutun nan na Kufa mai kusurwa-kusurwa. Na matsa. Da ɗan karatun allon da na yi na gane Bisimilla a sama. Sauran sai da taimakon fassarar da aka ajiye a gefe.

Dutsen kabari ne. Na wata Musulma ce, sunanta Maimuna, 'yar Hassan ɗan Ali, Bahuzaile. Ta rasu ranar Alhamis, 16 ga Sha'aban, shekara ta 569 bayan Hijira, daidai da watan Maris na 1174. An rubuta cewa ta cika da kalmar shahada. Akwai ayoyi, akwai baitocin wa'azi a kan mutuwa. Dutsen kansa ma tsohon marmara ne na zamanin Rumawa, aka juya bayansa aka yi rubutun, adon Rumawan yana nan a ɗaya fuskar.

'Yan'uwa, na daɗe tsaye a gaban dutsen nan. Maimuna ba sarauniya ba ce, ba a ce ta ci gari ko ta gina ganuwa ba. Mutanenta an kore su daga tsibirin, masallatansu babu ko ɗaya da ya rage a tsaye. Amma yau shekara 850 ke nan, ga wata Bakatsiniya ta zo daga bayan Sahara ta karanta sunanta da na ubanta da na kakanta, ta yi mata addu'a. Sunan ƙanwata ke gare ta. Waɗancan sun ɗaga tan 50 ba a san sunansu ba. Ita dutsenta mutum biyu za su ɗauka, amma da yake wani ya zauna ya rubuta, ga ta nan ana kiranta.

Haka shi ma Dorugu. Yara nawa aka kama aka kai Kukawa a shekarun nan? Allah kaɗai ya san adadinsu. Shi muka sani, domin an rubuta. A farkon labarinsa ya ambaci garinsu, ya ambaci iyayensa, shi ya sa har yau aka san sunan mahaifiyarsa Kande, matar ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Akwatuna 24

Ranar Juma'a na je masallacin da ke Pawla, wanda Libiya ta fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970. Bayan salla wata 'yar'uwa daga Afirka ta Yamma ta nuna mini wata babbar makabarta da ba ta da nisa da wurin, ta ba ni labarin da na taɓa karantawa a ɗakin labarai amma bai shige ni ba sai ran nan. A watan Afrilu na 2015 wani jirgin ruwa maƙare da masu neman ƙetarawa Turai ya kife bayan ya taso daga Libiya. Mutum wajen 800 suka halaka, da yawansu daga ƙasashen Mali da Senegal da Gambiya. Mutum 28 kacal suka tsira. Gawa 24 aka kawo Malta. Limami da babban limamin coci suka tsaya tare a kansu, aka binne su. Ba a san sunan ko ɗaya ba, lamba aka rubuta a jikin akwatunan.

Kowane ɗaya daga cikinsu uwa ce ta haife shi, aka yanka rago ranar suna, aka raɗa masa suna a kunne. Wataƙila har yau akwai uwar da in ta ji sallama da dare sai gabanta ya faɗi. Hanyar da suka bi, ta Agadas zuwa Libiya, ba baƙuwa ba ce ga samarinmu. Don Allah iyaye, in yaro ya fara zancen hanyar nan, a zaunar da shi a gaya masa labarin akwatuna 24.

Mu dawo gida

To, me ya haɗa matar Darini da duk wannan? Kufai ne ya haɗa mu. Mu ma muna da namu. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai manyan tuddai waɗanda kaburburan sarakunan farko ne na ƙasar Katsina. An tona wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tona wasu a 1992. An sami 'yan kunne na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da tasar tagulla da ta fito daga ƙasashen Larabawa, kayan da shekarunsu suka kai 500 zuwa 700. Wato tun wancan lokaci kakanninmu suna cinikayya da bakin tekun nan da na je. Muna da hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, muna da rijiyar Kusugu a Daura. A nan yammacin Katsina kuwa, tsakanin duwatsun Ruma da dajin Rugu, manomi yakan kai garma ya tono tsingaro, ko dutsen niƙa da ya lotsa don amfani, ko gululun mazari. Ki lura, kusan duk kayan mata ne. Wata ce ta durƙusa a kan dutsen nan shekara da shekaru tana niƙa, har ya lotsa. Ba mu san sunanta ba.

Waɗannan kufai na yaƙe-yaƙen da ne, irin waɗanda Abdulkarim da Dorugu suka wuce a 1853, lokacin da hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobir suka tashi garuruwa. Abin baƙin ciki, a zamaninmu ma mun ga sababbi. Ba sai na gaya wa matar Batsari abin da ya faru a 2019 da 2020 ba, lokacin da mata da yara suka cika azuzuwan makaranta a cikin gari, ko abin da ya sami Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Akwai yaran da aka goyo aka fito da su, sun yi wayo a Katsina ko Dutsinma, ba su san ƙofar gidan ubansu ba. In ba a gaya musu ba, nan da shekara 50 wani zai kai garma ya tono dutsen niƙanki, ya ce ko na wace ce?

Ni kaina mai laifi ce. Kakata ta Darini, Allah ya jiƙanta, in tana kaɗi da dare takan lissafa mana iyayenta mata har bakwai, wance ta haifi wance, da garin da aka auro kowace, da dalilin da ya sa suka taso daga wani kufai da ke bayan dutse. Muna yara, barci muke ji. Na girma na yi karatun aikin jarida, na ɗauki muryar manyan mutane a faifai ba adadi, ban taɓa ɗaukar tata ba. Kullum sai in ce sai na je hutu. Ranar da na tsaya gaban dutsen Maimuna na gwada lissafawa, uku kawai na iya kawowa. Huɗu sun tafi tare da ita. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce.

Mutanen Malta ma sai da suka yi sakaci kafin su farga. A watan Afrilu na 2001 wasu ɓata-gari suka shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen nan da dare, suka ture duwatsu wajen 60. Ƙasar duka ta girgiza, aka gyara, aka ƙara tsaro, daga baya har rumfa aka yi wa wasu don kare su daga rana da ruwa. Yau 'yan makaranta ake kaiwa layi-layi suna gani. Mu ba mu da kuɗin rumfa, yawancin ginin kakanninmu ma na ƙasa ne, damina ke cinye shi. Amma abin da ya fi dutse daɗewa yana hannunmu, kuma bai buƙatar ki fita ko ƙofar gida.

Ga roƙona, uwargida. In akwai tsohuwa a gidanku, ko kakar miji ce, ko gwaggo, ko inna, a daren nan bayan an ci tuwo ki zauna kusa da ita. Ki tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, har inda ta iya kaiwa. Ki tambaye ta garin da aka fito, wa ya kafa shi, ina rijiyar take, wace kuka ko tsamiya ce a bakin kasuwa, gonar wa ke gabas da ta wa, ina makabarta take. Ki sa 'yarki mai zuwa Islamiyya ko boko ta rubuta, da ajami ko da boko duk ɗaya ne. Littafin rubutu guda ya isa. In da waya a gidan, a ɗauki muryarta, amma a rubuta kuma, don waya takan lalace ko ta ɓata. Ki adana littafin inda kike ajiye abin da kika fi ji da shi, a ƙasan adaka ko cikin kwalla. Ke da kika baro garinku, ki rubuta shekarar da kuka fito, da sunayen waɗanda aka rasa, ɗaya bayan ɗaya. In kuma maigida ko yara suka tono wani tsohon abu a gona, kada a fasa, kada a sayar wa mai yawo, a kai wa mai unguwa ko dagaci don ya isa gidan adana kayan tarihi da ke Katsina.

Wannan ba baƙon aiki ba ne ga matan ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, daga cikin gida ta yi nata. Ta rubuta sunayen mata salihai na da da na zamaninta, ta yi wa ƙawayenta da 'yan'uwanta marsiyya da sunayensu, jajis suka ɗauka suka kai ƙauyuka wurin 'yan taru. Shi ya sa muka san su. Ke ma cikin ɗakinki za ki iya yi wa zuriyarki haka.

Wadda ta rubuta nata, in ta ga dama ta aiko mana da kwafi ta hannun yaro ko maigida, za mu karanta a wannan fili da yardarta, mu ji tarihin garuruwanmu daga bakin masu su. Ni ma na fara, na je wurin ƙanwar kakata da ta rage, ta ƙara mini suna biyu. Saura biyu, ina nan ina cigiya.

Nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Allah ya jiƙan Maimuna 'yar Hassan, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.